Shatin taya a kan farin tayil na gareji: yadda ake gane irinsa da yadda ake fitar da shi

Farin tayil, ko mai ruwan madara, yana haska gareji sosai, ko ƙaramin noti ne ya faɗi za a gan shi nan take. Amma kuma ba ya rufa wa taya asiri. Kafin ka ɗauki buroshi akwai abu biyu da ya kamata ka tabbatar: tabon nan a saman tayil yake ko ya shige cikinsa, sannan tayil ɗin da me aka yi shi. Sau da yawa ɓarnar da mai wanki ke yi da sinadarin da bai dace ba ta fi wadda tayar ta yi, domin shati yana fita, amma tayil ɗin da ya narke ko ya dushe sai dai a canza shi.

Abin da taya ke bari iri uku ne

Na farko baƙin shati ne, mai kama da an ja layi ko an zana rabin da'ira. Robar tayar ce kanta ta gogu a ƙasa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin taya baƙin garin kabon ne, shi ke ba ta launi da ƙwari, don haka ɗan abin da ya gogu ya isa ya fito ɓaro-ɓaro a kan fari. An fi ganinsa inda direba ke murɗa sitiyari mota na tsaye, da bakin ƙofa inda ake taka totur don a hau. Duk muninsa shi ne mai sauƙi, domin a sama yake zaune.

Na biyu dattin hanya ne da taya ke kwasowa: kwalta, baƙin mai, laka, da ƙurar birki. Ƙurar birki tana ɗauke da ƙarfe, idan ta jiƙe ta kwana sai ta bar ɗigo-ɗigon tsatsa. A nan ma za a sa man da ake shafa wa taya don ta yi ƙyalli, wanda ke gangarowa ya bar zobe mai santsi a gefen da aka tsaya.

Na uku shi ne mai wuyar sha'ani. Launinsa ruwan ƙasa ne ko rawaya-rawaya, yana fitowa daidai wurare huɗun da mota ke kwana, wani lokaci har da zanen haƙoran tayar a jiki. Masu yin taya suna zuba mai da kakin da ke sa roba ta yi laushi, da wani sinadari mai suna 6PPD wanda ke hana iska tsattsaga ta. An yi shi ne da gangan ya riƙa tasowa daga cikin roba zuwa fatar taya, kuma idan ya haɗu da iska sai ya koma ruwan ƙasa. Shi ne wannan jan-jan da ake gani a gefen tayar da ta daɗe ba a wanke ba. Tayar da ta sha doguwar tafiya tana iya haura digiri 50 a ma'aunin Salshiyas, ga nauyin mota duka a kan wuri huɗu da kowanne bai fi tafin hannu da yawa ba. Zafi da danni da tsawon dare su ne ke tura sinadarin cikin duk abin da zai karɓe shi. Sabuwar taya da taya mai laushi irin ta motocin gudu sun fi yin wannan.

Gwajin bai fi minti biyu ba. Ka kankara gefen tabon da farce ko ka goga masa abin goge fensir. Idan ya murmushe, roba ce a sama. Idan bai motsa ba, ka jiƙa farin tsumma da sifirit ka murza na daƙiƙa 20. Tsumma ya yi baƙi ko ruwan ƙasa, to akwai abin da zai fita. Tsumma ya fito fes tabo kuma yana nan, to ya riga ya shiga ciki, ƙarfin dantse ba zai fito da shi ba.

San tayil ɗinka

Fosilin na gaske, wato tayil ɗin yumɓu da aka gasa da wuta mai tsanani har ya daskare, ba ya shan ruwan da ya wuce rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa, shi ya sa ya fi kowane jure taya. Siramik na yau da kullum cikinsa yana shan ruwa fiye da haka, gilashin da aka gasa a fuskarsa ne ke kare shi, kuma inda ya fashe ko ya sulle nan tabo ke kamawa. Fosilin da aka goge da inji har ya yi sheƙi yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, sukan riƙe datti. Ka ɗiga ruwa a busasshen tayil mai tsabta ka jira minti 5 ka share. Wurin ya yi duhu, tayil ɗin yana sha.

Tayil ɗin roba da ake harhaɗawa ba tare da siminti ba iri biyu ne, kuma bambancinsu babba ne. Mai laushi da nauyi, wanda ke lanƙwasa a hannu, yawanci nau'in robar da ake kira PVC ko binil ne. Mai tauri mara nauyi, mai ƙara idan an taka, yawanci nau'in robar da ake kira PP ne. Ka juya guda ɗaya ka duba bayansa: lamba 3 a cikin alamar kibiyoyi uku PVC ce, lamba 5 kuma PP. Idan babu alama, ka jefa guntun da ya rage wajen yanka a bokitin ruwa. PP kan taso, PVC kan nutse. PVC da kansa yana ɗauke da man laushi, don haka shi da taya suna musayar sinadari, kuma shi ne ya fi kowane yin tabon da ba ya fita. PP ba kasafai yake karɓar tabon ba.

Idan daɓen mabul ne ko tarazo, ka riƙe abu ɗaya: duk wani asid, har ruwan khal da ruwan lemon tsami, yana cin fuskarsa.

Wankin farko, wanda ya dace da kusan kowane tayil

Ka fitar da mota, ka buɗe ƙofa, ka share wurin sarai. Yashin da ya rage a ƙasa shi ke karce tayil idan buroshi ya hau kansa, karcen kuma shi zai riƙe baƙin gobe.

Abin da ke sassauta roba da mai shi ne sinadarin cire maiƙo na ruwa, mai ƙarfin alkali, wanda pH ɗinsa, wato lambar da ke nuna ƙarfin asid ko alkali, ke tsakanin 10 da 12. Ga shati na yau da kullum, rabin lita a cikin ruwan ɗumi lita 5 ya isa. Ga wanda ya daɗe, kashi 1 na sinadari a kashi 4 na ruwa. Idan abin da ke rubuce a jikin galan ya saɓa da wannan, bi na galan. In babu sinadarin, sodar wanki giram 100 a ruwan zafi lita 5 da ɗan sabulun wanke-wanke cokali ɗaya tana aiki, sai dai za ta buƙaci maimaici. Ka sa safar hannu ta roba da tabarau. Ga mabul da tarazo a tsaya a sabulu mara ƙarfi, mai pH 7 zuwa 8.

Ka jiƙa wurin da bai wuce murabba'in mita 2 ba da wannan haɗin, ka bar shi minti 10. Wannan jiran shi ne rabin aikin, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa: su zuba, su hau gurza nan take, su gaji, su ce maganin ba shi da kyau. Sinadarin yana buƙatar lokaci ya ratsa ƙarƙashin robar ya raba ta da tayil. Kada kuma ka bari ya bushe. Idan gefe ya fara ƙafewa ka ƙara yayyafa masa, domin in ya bushe dattin da ya narkar zai koma ya zauna, a shimfiɗe fiye da da.

Sai gurza da buroshi mai taurin gashin nailan, mai doguwar sanda don nauyin jikinka ya taimaka. Ka gurza a tsaye, ka sake a kwance. Tayil ɗin gareji galibi ana yin fuskarsa da kaushi don kada a zame, kuma roba tana maƙalewa a cikin kwarin kaushin, inda mofa ba ta kaiwa. Baƙin ruwan da ya taso ka janye shi da abin jan ruwa mai bakin roba, ko ka zuƙe da inji. Kada ka baza shi da mofa, layin simintin da ke tsakanin tayil zai shanye. Ka ɗauraye sau biyu da ruwa mai tsabta, ka bar wurin ya bushe kafin ka yanke hukunci, domin jiƙaƙƙen tayil yana ɓoye ragowar tabo. Sabulun da ba a ɗauraye ba yana barin danƙo, danƙon kuma yana sa ƙasa santsi, yana kama robar taya fiye da tayil tsirara.

Gara wanki biyu ko uku masu matsakaicin ƙarfi da guda ɗaya mai tsanani.

Idan ya ƙi fita daga fosilin ko siramik

A nan kana da sarari, domin gasasshen tayil ba ya jin yawancin sinadaran da ke narkar da mai. Ragowar baƙin layi yakan bi farin soson melamin da aka jiƙa, ko kwaɓin bekin soda, cokali 3 da ruwa cokali 1, a murza da farin soso. Kwalta da tsohuwar roba suna narkewa da sinadarin limonin da ake samu daga ɓawon lemo: a zuba kaɗan, a jira minti 5, a gurza. Wait sifirit na masu fenti ma yana yi, haka asiton, sinadarin cire fentin farce, a kan tsumma don ɗigon da ya rage. Waɗannan biyun a tsumma ake zuba su, ba a ƙasa ba, ana shara daga gefen tabo zuwa tsakiya, ana juya tsumman zuwa wuri mai tsabta kowane lokaci. Bayan kowannensu a sake wankewa da sinadarin cire maiƙo, in ba haka ba za a bar siririn mai. Limonin, wait sifirit da asiton duka suna kama wuta, don haka ƙofa a buɗe, babu sigari, babu janareta a kunne.

Tabon da ya shige ramukan gogaggen fosilin ana tsotso shi ne. Ka kwaɓa bekin soda ko farin yumɓu da ruwan haidurojin na wanke ciwo, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, ya yi kauri. Ka shafa kaurin milimita 6, ya zarce gefen tabon da santimita 2, ka rufe da leda ka manne gefe da tef. Bayan awa 24 ka cire ledar ka bar kwaɓin ya bushe ƙarau, domin a lokacin bushewar ne yake janyo dattin sama. Ka kankare da abin kankara na roba ka ɗauraye. Idan ya yi haske amma bai tafi ba, a sake. Idan zagaye uku ba su canza komai ba, na huɗu ma ba zai canza ba.

Akwai wani dalili da ake yawan mantawa. Sabon fosilin da ke yin baƙi duk lokacin da mota ta wuce, a wanke ya fita da ƙyar, washegari ya dawo, sau da yawa ba laifin tayil ba ne. Siririn hazon siminti ne da mai aiki ya bari lokacin cike layi. A kan farin tayil ba a ganinsa, amma kaushinsa yana cin roba. Ka haska tocila a kwance dab da ƙasa, za ka ga dishi-dishi da sawun soso. Maganinsa wanki ɗaya da ruwan cire hazon siminti, mai asid mara ƙarfi irin salfamik. A fara wanke maiƙo tukuna a ɗauraye, a jiƙa layukan da ruwa don kada su sha asid, a shafa, a jira minti 3 zuwa 5, a gurza, a ɗauraye sosai. Ɗigon tsatsar ƙurar birki kuma mai cire tsatsa na asid ɗin okzalik ke ɗauke shi. Waɗannan biyun kaɗai ne aikin asid a gareji. Ba ya narkar da roba, ba ya narkar da mai.

Layin simintin da ke tsakanin tayil shi ya fi shan wahala, don yana sha kamar ƙasa. Bayan cire maiƙo, garin bilic na iskar oksijin, giram 30 a lita ɗaya ta ruwan ɗumi, a bar shi minti 20 a gurza da siririn buroshi. Idan baƙin mai ya ratsa shi, a kankare aƙalla milimita 3 a sake cikewa, kuma wannan karon a zaɓi ruwan toka mai duhu ko na ifoksi wanda ba ya shan komai.

Tayil ɗin roba

PP ba ya ba da wahala. Wankin farko yakan ishe shi, kuma za a iya ɓalle waɗanda suka yi datti a fitar da su waje a wanke da injin feshin ruwa, da baki mai baza ruwa, daga nisan santimita 30. Idan a wurin za a wanke, a rage ruwa, domin wanda ya sulale ta mahaɗa yana kwanciya a ƙasa ya yi wari.

PVC da sauran tayil ɗin binil su ne inda garin neman gira ake rasa ido. Asiton da tina, ruwan tsinka fenti, suna narkar da fuskarsu, su bar wuri mai danƙo da dushewa har abada. Limonin ma yana tausasa su idan ya daɗe, don haka a gwada a lungu, kada ya wuce minti 2, a ɗauraye nan take. Sifirit a kan tsumma da soson melamin a hankali su ne iyaka, kuma soson yana rage sheƙi idan an matsa. Baƙin shatin sama zai fita. Ruwan ƙasan da ya shige ba zai fita ba, kuma ina ganin gaskiya ce da ya kamata masu sayar da farin PVC su riƙa faɗa wa mai saye tun farko. Idan an taɓa shafa wa tayil ɗin folish, akwai sa'a: mai yiwuwa tabon a folish ya tsaya, sai a cire shi da ruwan cire folish a sake shafawa. Idan babu, abin yi shi ne musaya. A ɓalle masu tabon a mai da su ƙarƙashin kanta ko bayan ƙofa, a kawo na can, amma sai an shirya abin da zai shiga tsakaninsu da taya, in ba haka ba cikin 'yan makonni za su bi sahu.

Abubuwan da ba sa aiki, da masu haɗari

Bilic na kulorin yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire shatin roba ko mai, kuma yana iya mai da farin binil rawaya. Haɗa shi da asid ko amoniya yana fitar da iska mai guba, a rufaffen gareji kuwa wannan ba abin wasa ba ne. Fetur yana narkar da kwalta, gaskiya ne, amma tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya tarar da tartsatsin soket ko na firji. Kananzir yana barin maiƙon da layin siminti ke shanyewa. Soson ƙarfe da buroshin waya suna barin zanen toka-toka a fosilin, domin tayil ɗin ya fi ƙarfen tauri, shi ke cin wayar, guntayen kuma su yi tsatsa. Wasu ruwan wanke ƙafar mota suna ɗauke da asid ɗin haidurofulorik wanda ke cin gilashin fuskar tayil, don haka kada a wanke ƙafa da su a kan daɓen. Idan da injin goge daɓe za a yi aiki, farin faifai ko ja ake sawa. Kore da baƙi suna karce roba da duk tayil mai sheƙi.

Yadda za a hana shi dawowa

Tunda wuri huɗu ne kawai ke ɗaukar tabon da ba ya fita, su za a kare. Ka tsayar da mota inda take kwana, ka zana alli kewaye da kowace taya, ka shimfiɗa faranti mai santimita 40 a 60 a kowane wuri. Falankin filawud mai kaurin milimita 6 zuwa 9 yana yi, haka farantin alminiyam mai milimita 2 da aka daddaɗe kusurwoyinsa, ko baƙin tayil ɗin PP. Tabarmar baƙar roba irin ta taya ba ta yi, domin irin sinadarin da ke cikin taya yana cikinta, za ta bar maka tabo mai faɗinta. Haka kafet mai bayan roba. Kwali na wucin gadi ne, yana jiƙewa ya manne. A kafa abin tare taya a gaba don mota ta riƙa tsayawa wuri ɗaya kullum, in ba haka ba farantan ba su da amfani.

Wanda bai shimfiɗa tayil ba tukuna, ko mai tayil ɗin harhaɗawa, yana da hanya mafi kyau: layi biyu na tayil mai duhu daga bakin ƙofa zuwa matsaya, kowanne faɗin santimita 60. A yawancin ƙananan motoci tazarar tsakiyar tayar hagu da ta dama kusan mita ɗaya da rabi ce, amma ka auna taka. Sauran daɓen ya zauna fari. A kuma sayi rarar kashi 10 cikin 100 daga rukuni ɗaya, don farin wannan rukuni ba lalle ya zo daidai da na wani ba.

Batun abin shafawa, kowane tayil da nasa. Layin siminti da gogaggen fosilin suna son sila, ruwan toshe ƙananan ramuka, mai shiga ciki, wadda ake shafawa a share rarar kafin ta bushe, a sabunta ta idan ɗigon ruwa ya daina tsayawa a dunƙule. Kada a shafa wa fosilin folish ko banish mai zama a sama, ba shi da inda zai kama, zazzafar taya za ta ɗaga shi fale-fale. PVC shi ke son folish na akirilik, shafi 2 zuwa 3 sirara, kowanne ya bushe kafin na gaba. Aikinsa ya karɓi tabon a madadin tayil, don haka sai an riƙa cire shi ana sabuntawa a hanyar taya da zarar ya fara canza launi. Yana jinkirta tabon ne kawai, ba ya maye gurbin faranti.

Saura halin direba. A daidaita mota tun daga waje, a shiga a miƙe, in za a murɗa sitiyari a murɗa mota na ɗan motsi. Bayan doguwar tafiya a bar ta a waje minti 20 zuwa 30 tayoyi su huce. Sabuwar taya a wanke ta da sinadarin cire maiƙo da buroshi har kumfar ta daina fitowa ruwan ƙasa, man ƙyalli kuma a shafa shi a waje ya bushe kafin a shigo. Motar da za ta daɗe a ajiye, da babur da keke da tayar ajiya da aka jingine a lungu, duk a sa musu faranti a ƙasa, domin tayar da ba ta motsi ta fi mai fita kullum barin ruwan ƙasa.